Fashin baƙi: me ke kashe 'yan kwana-kwana, kuma wa ke kula da waɗanda suka rage?

Duk sanda aka ce ɗan kwana-kwana ya rasu a bakin aiki, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne wuta ce ta cinye shi, sai a ce kai wannan jarumi ne, Allah ya jiƙansa, shikenan kowa ya kama gabansa. To ni dai abin da na fahimta bayan na bi labarin irin waɗannan mace-macen shi ne wutar ita ce ta ƙarshe a layi. Kafin ta iso kansa an riga an yi kurakurai da yawa, wasu ma shekaru kafin ranar, kuma yawanci ba shi ya yi su ba. Bari in ɗauko gobara guda ɗaya da aka bincika ciki da waje mu warware ta, don a cikinta kusan komai ya fito fili.

Ranar 18 ga Yunin 2007 da yamma, wajen ƙarfe bakwai, wuta ta tashi a wani katafaren shagon kujeru da ake kira Sofa Super Store a garin Charleston, jihar Carolina ta Kudu a Amurka. Ba a cikin shagon ma ta fara ba, a tarin shara ne da ke wajen da ake lodi da sauke kaya, tsakanin shagon da sito ɗinsu na baya. 'Yan kwana-kwana sun iso cikin 'yan mintuna, ba wanda zai ce sun makara. Da suka leƙa babban ɗakin da ake baje kujerun sai suka ga fes, hayaƙi ɗan kaɗan ne, fitilu na ci, don haka suka ja tiyo suka kutsa ciki da tunanin ƙaramar wuta ce a baya yanzu za a gama da ita. Ba a yi awa ɗaya ba rufin ya rufto. Mutum tara ba su fito ba, Louis Mulkey, Mike Benke, Billy Hutchinson, Mark Kelsey, Brad Baity, Michael French, Earl Drayton, Brandon Thompson da Melvin Champaign, shekarunsu daga 27 zuwa 56. Tun harin 11 ga Satumba na 2001 Amurka ba ta yi asarar 'yan kwana-kwana masu yawa haka a wuri ɗaya ba sai ranar.

To ya aka yi ɗakin da aka gani fes ya zama kabari cikin rabin awa?

Abu na farko silin. Shagon yana da silin irin na ofis ɗin nan da ake ratayawa, tsakaninsa da ainihin rufin akwai fili babba wanda ido ba ya gani. Hayaƙi mai zafi daga wajen lodi ya riƙa kwarara yana taruwa a wannan filin, mutane na tafiya a ƙasa ba su san abin da ke saman kansu ba. Kuma jama'a hayaƙin gobara ba hayaƙi ba ne kawai mai sa tari da hawaye, shi kansa makamashi ne, gas ne wanda bai gama ƙonewa ba saboda iska ta yi masa kaɗan, yana nan yana jira. In zafinsa ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin salshiyos sannan ya samu iska, ɗakin gaba ɗaya yake kamawa a lokaci guda, kujera, labule, kafet, har kayan da ke nesa da inda wutar take, cikin daƙiƙu. Duk kyan kayan da ɗan kwana-kwana ya saka ba a yi su don ya tsaya a cikin wannan ba.

Sai kayan da ke cikin shagon. Kushin da katifa na zamani soso ne, soso kuma daga man fetur ake samo sinadarinsa, yana ci da sauri yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba biyu masu kisa, kabon monoksaid da sayanaid. Gwaje-gwajen da cibiyar UL mai gwada ingancin kayayyaki ta yi a Amurka sun nuna a da can, zamanin kujerun katako da auduga, mutum na da wajen minti 17 ya fice daga gidan da ya kama da wuta, yanzu kuwa da kayan roba da soso bai fi minti uku ko huɗu ba. Wato wutar ta canja hali amma horon da aka ba wa mutanen Charleston na tsohuwar wuta ne, na a ruga ciki a tare ta gaba da gaba, kuma suna alfahari da hakan sosai don ya daɗe yana yi musu aiki a ƙananan gidaje.

Ga kuma ruwa. Tiyon da suke jawo ruwa da shi daga famfon titi zuwa mota ƙanana ne, ba su isa gini irin wannan ba, sannan an shimfiɗa su sun ratsa babban titi, motoci suka riƙa bi ta kai suna takawa, kowace taya ta hau sai ƙarfin ruwan ya ragu a hannun wanda ke can ciki cikin duhu. Mai motar yana sauri ne ya koma gida, bai san ya taka numfashin wani ba.

Ana cikin haka aka samu kira cewa akwai ma'aikacin shagon da ya maƙale a baya, hankalin shugabanni ya koma can, aka fasa bango aka ciro shi da rai, wannan kam abin yabo ne. Amma a daidai lokacin na cikin shagon hayaƙi ya sauko musu har ƙasa, ba ka ganin tafin hannunka, ga kujeru jere ko'ina kamar an kafa tarko, tiyon da ya kamata mutum ya shafa ya bi ya fita sun harɗe da juna. Tukunyar iskar da suke goyawa a baya ana ce mata ta minti 30, amma mutumin da ke ɗauke da kaya sama da kilo 20 cikin zafi zuciyarsa na dukan uku-uku, minti 15 zuwa 20 ya shanye ta. Suka fara kira a oba-oba suna neman agaji. An naɗi muryoyin, akwai mai addu'a, akwai mai barin sallahu a gaya wa matarsa yana sonta. Shugabannin da ke waje ba su ji kiran a kan lokaci ba saboda hayaniya da cunkoson magana a layin, kuma abin da ya fi ci min rai, babu mutum ɗaya da ke riƙe da lissafin su wa da wa suka shiga, ta wace ƙofa, tun yaushe.

Daga nan aka ba da umarnin a fasa gilasan gaban shagon da niyyar hayaƙi ya fita na ciki su ga hanya. Niyya mai kyau ce wallahi, amma abin da ya faru kamar maƙeri ne ya samu zuga-zugi, iska ta shiga, gas ɗin nan da ya taru ya samu abin da yake jira, cikin 'yan mintuna wuta ta share shagon daga baya har gaba. Hukumar NIST ta gwamnatin Amurka da ta sake gina yadda abin ya faru a kwamfuta ta tabbatar fasa gilasan ya ƙara wa wutar iska, ta kuma ce da akwai famfunan feshin nan na silin masu buɗe kansu in sun ji zafi a wajen lodin, da tun a can wutar za ta tsaya. Babu su. Kuma wajen lodin kansa an ƙara gina shi ne ba tare da izinin hukuma ba. Kun ga abin da nake nufi da an yi kuskuren tun shekaru kafin ranar.

Kwamitin da birnin ya kafa ƙarƙashin Gordon Routley ya fitar da rahotonsa a Mayun 2008, bai ɓoye komai ba, ya ce hukumar kashe gobarar birnin ta tsaya a tsohon yayi wajen horo da kayan aiki da tsarin ba da umarni. Shugaban hukumar Rusty Thomas ya ajiye aiki a wannan shekarar. Ni ban ga amfanin a mayar da mutum ɗaya abin zagi ba, shi ma yaransa ne suka mutu kuma ya san kowannensu da iyalinsa, amma na ga amfanin a faɗi gaskiya ƙarara. Da an ce ƙaddara ce kawai an rufe littafi, da na baya ma haka za su mutu. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma ai ba ta hana a ɗaure raƙumi ba.

Ƙa'idojin da ake nanatawa a wannan aikin ba su da wuyar fahimta, kuma kusan kowacce da jinin wani aka rubuta ta. Kwamanda ɗaya ne, yana tsaye a waje yana kallon ginin gaba ɗaya, ba ya riƙe tiyo komai ƙaiƙayin hannunsa. Ba wanda zai shiga shi kaɗai, in biyu sun shiga biyu na tsaye a waje cikin shiri, wannan doka ce a Amurka tun 1998. Kowa na barin alamar sunansa wajen mai lissafi kafin ya shiga. A jikin kayansu akwai wata 'yar na'ura da ke kwarma ihu in mutum ya yi kamar daƙiƙa 30 bai motsa ba, don a san inda ya faɗi. Sannan akwai lissafin da ya fi kowanne wuya a zuciya, wato a sa rai cikin haɗari don ceton rai, a yi taka-tsantsan don ceton dukiya, amma abin da ya riga ya tafi ba a ba da ran kowa a kansa. A Charleston bayan an ciro ma'aikacin nan babu sauran wanda za a shiga ceto a ginin sai kujeru.

Wannan lissafin na ƙarshe shi ne mutanen gari ba sa ganewa, kuma anan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen gobarar kasuwa lokacin hunturu ya san yadda ake yi, mai shago na kuka yana jan rigar ɗan kwana-kwana, ranka ya daɗe duk jarina na ciki, matasa na ihu ku shiga mana me kuke jira, in suka ƙi shiga a ce matsorata ne, wani lokacin har jifa. Kasuwanninmu kuwa abin da ya kashe mutanen Charleston ne a tare wuri ɗaya, layin 'yan katifa, atamfa da leshi, robobi, janareta da jarkar fetur a bayan kanta, wayoyin wuta an jona su barkatai, rumfuna an ƙara su har sun cinye hanyar da mota za ta bi. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta ci dubban shaguna. Mutumin da ake tura wa cikin irin wannan wajen sau da yawa ko tukunyar iska ba shi da ita, in ya ja da baya ba tsoro ba ne, ilimin aikinsa ne.

Haka zancen sun zo ba ruwa. Tankin motar kwana-kwana lita 'yan dubbai yake ɗauka, in aka buɗe tiyo da ƙarfi cikin mintuna ya ƙare. A ƙasashen da abin ke aiki ruwan mota na fara kai hari ne kawai kafin a jona da famfon gobara na bakin titi. Inda babu wannan famfon ko akwai amma a bushe yake, dole mota ta juya ta je ɗebo wani, kafin ta dawo ta keta cunkoson 'yan kallo wuta ta ci layi biyu. Wanda ya kamata a tuhuma yana ofis, wanda ake jifa kuma shi ne ya zo.

Yanzu bari mu zo kan mutuwar da ba a yi mata jiniya. A Amurka inda ake ajiye lissafi sosai, abin da ya fi kashe 'yan kwana-kwana a bakin aiki ba ƙuna ba ce, bugun zuciya ne, kusan rabin mace-macen a shekaru da yawa. Ka duba yanayin aikin, a wurare da dama awa 24 ake yi a tashar, mutum na barci ƙararrawa ta buga, cikin minti ɗaya ya tashi daga kwance zuwa gudu da kaya masu nauyi cikin zafi, jini ya yi kauri saboda gumi, ga hayaƙi. In akwai hawan jini a ɓoye ranar zai bayyana. Sai cutar kansa, wato ciwon daji. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta bi lafiyar 'yan kwana-kwana kusan 30,000 na biranen Chicago da Philadelphia da San Francisco, ta gano sun fi sauran jama'a kamuwa da kansa da kashi 9 cikin ɗari, mutuwa da ita kuma kashi 14. A 2022 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka aikin kashe gobara kansa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar. Baƙin da ke manne wa riga da wuya da hula, wanda a da ake ɗauka alamar ƙwarewa har wasu ba sa son wankewa, shi ne gubar, fata na tsotse shi in ta yi zafi. Shi ya sa yanzu ake cewa a wanke kaya tun a wajen gobarar, a yi wanka da an koma, kar a kai kayan aiki gida inda yara ke wasa, kuma kar a cire abin numfashi don an ga harshen wuta ya mutu, lokacin tonon toka ma gubar na tashi. A New York mutum 343 hukumar kashe gobara ta rasa ranar 11 ga Satumba, zuwa 2023 waɗanda cututtukan ƙurar wajen suka kashe daga baya sun kai wannan adadin, kuma lissafin bai tsaya ba.

Sannan akwai ciwon da ko likita bai cika ganinsa ba. 'Yan tasha ɗaya tare suke cin abinci, tare suke kwana, sun san sunan 'ya'yan juna, kashi ɗaya cikin uku na rayuwarsu tare suke yi. In ɗaya ya mutu ba abokin aiki aka rasa ba, ɗan ɗaki aka rasa, gadonsa na nan, kofin shayinsa na nan, kuma ba a rufe tasha don makoki, gobe ƙararrawa za ta buga dole a hau motar da kujerarsa babu kowa. A Charleston abokan aikinsu ne da kansu suka tono gawarwakin cikin dare suka fito da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsira tambaya ɗaya ke cinsa, me ya sa shi ba ni ba, da na juya dama maimakon hagu fa, da na ji kiran fa. Direban motar farko da ta isa wajen ya fito fili daga baya ya ba da labarin yadda ya faɗa shan giya da ƙwayoyi kafin ya samu kansa. Wani rahoto na gidauniyar Ruderman ya nuna a 2017 'yan kwana-kwana 103 ne suka kashe kansu a Amurka, waɗanda suka mutu a bakin aiki kuma 93. Ka sake karanta wannan lissafin.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ke zaune da mutumin. Barci ya ƙaurace, in ya samu kuma sai mafarkin wajen, saurin fushi kan abin da bai kai ya kawo ba, warin nama a wuta ya hana shi cin abinci, ya daina zama cikin mutane. Matarsa ce ke fara gani tun kafin oga ya gani. Kuma ba sai an rasa abokin aiki ba, tarin abin da ido ke gani ma ya isa. Namu na nan ba gobara kawai suke zuwa ba, su ake kira in yaro ya faɗa rijiya, su ke shiga kududdufi da damina su lalubo gawar ɗan shekara goma su miƙa wa mahaifinsa da ke tsaye a bakin ruwa, su ke zuwa in tankar mai ta fashe. Mutum ya gama wannan ya koma gida, nasa ɗan mai irin shekarun ya rugo yana Baba sannu da zuwa. In ya yi shiru a ce miskili ne, in ya yi magana a ce haba namiji da kai, sai haƙuri.

Haƙuri da addu'a suna da babban matsayi, kuma gaskiya muna da abin da wasu ƙasashen ba su da shi, zaman makoki, 'yan'uwa da maƙwabta da ba sa barin mutum shi kaɗai. Sai dai ta'aziyyarmu gidan mamaci take zuwa, ba mai zuwa wajen wanda ya ɗauko gawar, kuma bayan sadakar bakwai ko ta arba'in kowa ya watse alhali shi ciwon nan sau da yawa sai bayan watanni yake tasowa. Abin da Charleston suka yi bayan abin ya faru shi ne kafa tawaga ta musamman ta masu ba da shawara, haɗe da 'yan kwana-kwanan da aka horar su saurari 'yan'uwansu, don sun gane ɗan kwana-kwana ba zai buɗe cikinsa ga wanda bai taɓa shaƙar hayaƙi ba, amma zai gaya wa wanda suka hau mota ɗaya, shi kuma ya san lokacin da zai ce ɗan'uwa wannan ya fi ƙarfina, taso mu je wajen likita. Wannan bai buƙatar sabuwar mota ko kwangila, horo ne da kuma shugaban da ba zai riƙe maganar ya hana mutum ƙarin girma da ita ba.

Sun kuma ƙi yarda a manta. Birnin ya sayi filin shagon ya mayar da shi wajen tunawa, duk 18 ga Yuni ana taruwa a karanta sunayen. Louis Mulkey yana koyar da ƙwallon kwando a makarantar sakandaren Summerville, yaran da ya rena suka ci kofin jiha a 2008, watanni bayan rasuwarsa. Irin wannan na rage wa iyali raɗaɗi, amma bai kai a biya su haƙƙinsu a kan lokaci ba, matar da ta fita takaba ga marayu ga haya bai kamata a bar ta tana yawo da fayil daga wannan ofis zuwa wancan tana bin giratutin mijinta ba.

Mu kuma da ba ma cikin aikin akwai namu kason, kuma ba shi da yawa. Ka kira tun wuta na ƙarama, ka faɗi unguwa da layi da wata alama da za a gane, ka gaya musu gaskiyar abin da ke ciki, in akwai tukunyar gas ko fetur ko mutum ka faɗa tun a bakin ƙofa. A Beirut ranar 4 ga Agustan 2020 an tura tawagar mutum goma gobarar sito a tashar jiragen ruwa, ba wanda ya gaya musu akwai tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret a ciki, sinadarin ya fashe, dukkansu suka mutu. In ka ji jiniya ka ba da hanya, in ka ga tiyo a shimfiɗe a titi ka tsaya ko ka canja hanya, kar ka taka shi.